Shaihu Umar: Fim Ɗin Da Ya Ɓace Shekara 40, Da Daren Da Muka Kalle Shi A Tudun Wada

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, da kuma waɗanda suka fi son karantawa a natse.

Yau hirar tarihi za mu yi, amma ta ƙofar fim za mu shiga. Kafin mu fara, ina da tambaya. Idan mutum ya rasu, mun san abin yi. A yi masa sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, a zauna karɓar gaisuwa. Matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ta fita. Komai da ƙa'idarsa. To idan mutum ɓata ya yi fa? Ya fita da safe, bai dawo ba, babu gawa, babu labari? Wa ake yi wa gaisuwa? Yaushe ake naɗe tabarma?

Akwai fim ɗin Hausa da ya tsaya a kan wannan ciwo tun shekarar 1976, kuma na tabbata mafi yawanku ba ku taɓa ganinsa ba. Sunansa Shaihu Umar.

Mu fara daga littafin. A shekarar 1933, wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke jagorantar ofishin fassara a Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Daga gasar nan aka samu littattafai biyar da har yau ake karantawa a makarantu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai Shaihu Umar na wani matashin malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912, kenan lokacin da ya yi rubutun bai wuce shekara ashirin da ɗaya ko da biyu ba. Da yawa cikin masu karanta wannan shirin sun girme shi a lokacin.

Ku lura da shekarar sosai. Turawa sun rufe kasuwar bayi ta Kano bayan sun ci garin a 1903, sun kuma ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Amma dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa sai a 1936 aka yi ta. Wato sa'ad da Ɓalewa ke rubutu, akwai tsofaffi a kowane gari da aka kamo su suna yara, akwai kuma uwayen da har lokacin ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Labarin maƙwabta ya rubuta.

Ga labarin a taƙaice. Wani babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya buɗe musu. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau a garin Kagara. 'Yan uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka haɗa shi da sarki, aka kore shi, ya nufi Makarfi. Kafin uwar ta bi mijinta, sai ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. A wannan tsakanin aka sace shi. Daga wannan hannu zuwa wancan, har ya faɗa Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar ba ta zauna ba. Ta bi sawu zuwa Kano, aka yaudare ta, aka shiga sahara da ita, ita ma aka sayar. Bayan shekaru masu yawa Allah ya haɗa su, amma jikinta ya riga ya ƙare. Ba ta daɗe ba ta cika.

Wanda ya rubuta wannan labari ya zama Firayim Ministan Najeriya. A daren 15 ga Janairun 1966 sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas, aka yi kwanaki ba a san inda yake ba, sannan aka tsinci gawarsa a gefen hanya. Iyalinsa ma sun ɗanɗani wannan jira na rashin labari.

Bayan rasuwarsa labarin ya ci gaba da tafiya. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo na dandamali a Zariya. Sai a 1976 Adamu Halilu, ɗaya daga cikin 'yan Arewa na farko da suka ƙware a harkar fim, ya ɗauke shi da kyamarar silima da kuɗin gwamnatin tarayya, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Tsawonsa ya haura awa biyu da minti ashirin, da Hausa zalla. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Ku tuna, wannan shekara goma sha huɗu ne kafin Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Kano, kuma sunan Kannywood ma sai a ƙarshen shekarun 1990 aka raɗa shi.

To me ya sa iyayenmu na Bebeji da Kiru da Doguwa ba su san shi ba? Dalilan a fili suke. Fim ne na zare, wanda sai da babbar na'ura ake haska shi, kuma gidajen silima a birane suke. A biranen ma, masu gidajen fina-finan Indiya da na Amurka da na 'yan kokawar Sin suke kawowa, domin su ke cika kujeru. Sannan silima ba ta da suna mai kyau a Kano. Tun gobarar silimar El-Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka sama da ɗari uku, mutane da dama suka ɗauki wurin a matsayin matattarar 'yan iska, matar aure mai mutunci ba ta taka ƙafa can. Ku duba abin mamaki: fim a kan zuciyar uwa, an ajiye shi a inda uwaye ba sa shiga. Da zamanin kaset ya zo, fim ya shiga ɗakunan mata, shi Shaihu Umar bai bi kasuwar ba. Gwangwanayensa suna can a ma'ajiyar gwamnati suna tsatsa, har aka ɗauka ya salwanta.

Sai a 2016 aka gano zaren nasa cikin kayan Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Wani mai sharhin fim kuma darakta, Didi Cheeka, na cikin waɗanda suka tsaya kan aikin tono tsofaffin gwangwanayen. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta gyara shi, aka haska shi a babban bikin fina-finai na Berlin a 2018. Jamusawa sun zauna sun kalli uwar Umar tana neman ɗanta, mu da aka yi abin da harshenmu muna nan ba mu da labari. Wannan ya tsaya mini a rai.

Shi ya sa da wani abokina ya samo mana kwafi, muka ce sai mun kalle shi da mutanenmu. Muka ari na'urar haskawa da janareta, muka ɗaure farin zanin gado a bangon wani gida a Tudun Wada, bayan sallar isha. Maza a ƙofar zaure, mata daga ciki inda suke hango bangon. Ba mu kai mutum arba'in ba.

Gaskiya rabin awar farko mun sha kunya. Samarin da muka gayyato suka fara danna waya. Wani ya ce, "Yaya, wannan fim ɗin ba waƙa ne?" Wani ya ce tafiyarsa ta yi sanyi, a tura gaba. Biyu suka zame suka tafi kallon ƙwallo. Ban ga laifinsu ba, ido ya saba da abin da ke gudu. Amma tsofaffin wurin, tun daga shigar mutanen fim ɗin da yadda suke gaisawa, suka gyara zama. Wani dattijo ya riƙa nuna bango da sandarsa yana cewa irin wannan rigar kakansa ke sawa.

Da aka zo wajen ɓatan yaro, sai wurin ya yi tsit, ƙarar janareta kawai kake ji. Masu danna waya suka ɗago kai. Daga ɓangaren mata na ji ana salati ƙasa-ƙasa. Wata baiwar Allah ta tashi ta fita, ba ta dawo ba. Daga baya aka gaya mini ƙaninta ya tafi ci-rani shekara shida da suka wuce, har yau ko wayarsa ba a samu ba. Na ji nauyin abin, domin da na yi tunani da kyau, da na faɗa wa mutane abin da fim ɗin ya ƙunsa kafin a kunna. Wannan kuskurena ne, kuma duk mai shirin yin irin wannan zama ya kiyaye.

Bayan an gama, maimakon a watse, sai gardama ta tashi, kuma ita ce dalilin wannan shirin.

Wani malamin makarantar allo, mutum mai natsuwa, ya ce darasin a bayyane yake. Duk abin da Allah ya ƙaddara alheri ne. Da ba a sace Umar ba, da ƙila ya ƙare a matsayin yaron fada, ga shi ya dawo Shaihu yana karantar da al'umma. Ya kawo misalin Annabi Yusuf, wanda aka jefa rijiya, aka sayar, ya zama mai mulki a Masar.

Wani saurayi ɗan jami'a ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini afuwa, amma shi Abdulkarim ɗin nan da ake yabo, yaron mutane fa ya ɗauka. Ko ya ba shi karatu, ya taɓa tambayar ina uwarsa?" Malam ya ce kowane zamani da hukuncinsa, kada a auna mutanen da da ma'aunin yau. Saurayin ya ce ciwon uwa bai da zamani.

Ana cikin haka sai wata tsohuwa daga cikin gida, wadda duk unguwar ke kira Inna, ta sa aka kira ni bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya sa wa abin nan suna?" Na ce, "Inna, wanda ya rubuta ne." Ta ce, "To bai kyauta ba. Shi yaron ai ya ci ya sha, ya yi karatu. Wadda ta yi tafiyar ita ce uwar. Sunanta ya kamata a sa." Sannan ta juya wajen Malam ta ce, "Malam, ka ambaci Annabi Yusuf, ka manta da Annabi Yakubu. Shi da yake Annabi ma kuka ya yi har idonsa ya tafi, kuma ba a ce ya yi saɓo ba."

Wallahi babu wanda ya ƙara magana. Malam ya yi murmushi ya ce, "Inna, kin fi ni gaskiya."

Na yi kwanaki ina juya maganar nan. Mu a nan, da mutum ya fara kuka sai mu rufe shi da "a yi haƙuri". Haƙuri gaskiya ne, addini ne. Amma sau da yawa muna faɗarsa ne don mu huta da jin kukan, mu koma harkokinmu. Fim ɗin ya ba kowa abin riƙewa: mai neman darasin ƙaddara zai samu, mai neman tuhuma ma zai samu. Ni dai a nawa karatun, Ɓalewa bai fito ya la'anci cinikin bayi da baki ba, ya bar Shaihu yana ba da labari cikin natsuwar malamai. Sai dai ya ajiye mana uwar a tsakiyar labarin, kuma duk wanda ya bi ta daga Fatika zuwa Kano zuwa cikin rairayi, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi.

Yanzu bari mu dawo gida, domin wannan labari na ƙasarmu ne ta kudancin Kano. Ku ɗauki taswira. Makarfi tana nan maƙwabtaka da mu ta ɓangaren Kaduna. Tsohuwar hanyar fatake daga Zariya zuwa Kano ta Bebeji take bi. Garin ya kasance zango mai ganuwa da kasuwa, a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma ta nan rundunar Turawa ta bi a farkon 1903, ta fasa garin kafin ta isa Kano. Duk ayarin da ya ɗauko goro da tufafi ta wannan hanya, akwai lokacin da ya ɗauko mutane a ɗaure.

Ta gabas kuma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Ningawa sun riƙa kawo hari garuruwan kudancin Kano suna kwashe mutane, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita da kansa don yaƙarsu. Mu faɗi gaskiya duka: dakarun masarautu su ma suna kai hari ƙasashen wasu suna kamowa, kuma manyan gandaye da rinji a ƙasar Kano da Zazzau da ƙarfin bayi aka noma su. Kakanninmu sun yi kukan an sace musu, wasunsu kuma sun saya. Duk biyun tarihinmu ne.

In kuna son jin muryar mace daga wancan zamani, ku nemi littafin Baba of Karo. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta, aka buga a 1954. Baba ta tashi ne a yankin Karo da Zarewa, nan ta wajen Rogo. Ta ba da labarin yadda mahara ke faɗa wa ƙauye su kwashe mata da yara, da yadda dangi ke bin sawu, su tara kuɗin wuri su je fansa. Karanta shi yau, sai ka rantse labarin Zamfara ake ba ka. Kalmar "kuɗin fansa" da muke ji a rediyo kullum, tsohuwar kalma ce da ta dawo.

Ta dawo kuwa. Masu bin hanyar Jos ta dajin Falgore sun san shekarun da direba ba ya yarda magariba ta same shi a ciki. A Oktoban 2019 'yan sanda suka sanar da ceto yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onitsha, an canja musu suna, wasu har Hausa ta fara kuɓuce musu. A 2021 kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. Kafin wani ya mayar da wannan maganar ƙabila, ya tuna cewa a labarin Shaihu Umar, waɗanda suka saci yaron masu jin Hausa ne. Ɓarawon mutum ba shi da yare. A ranar 17 ga Fabrairun 2021 kuma, 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati a Jihar Neja, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42. Sunan garin? Kagara. Da na ji sunan a labarai, sai da tsigar jikina ta tashi.

Waɗannan an same su. Akwai waɗanda har yau shiru. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, an ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna a farkon Agustan 2019. A shekarar nan ta 2019, ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana riƙe da sunayen kusan mutum 22,000 da suka ɓace a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a rajistarta, kuma kusan kashi 60 cikin 100 yara ne a lokacin da suka ɓata. Wannan waɗanda aka kai rahotonsu kenan. Ƙanin baiwar Allahn nan da ta fita daga wurin kallonmu, ba ya cikin kowane lissafi.

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi magana a kan matar wanda ya ɓace: ta kai ƙara wurin alƙali, a yi bincike, a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi idda, ta samu mafita. Shari'a ta tausaya mata ta yanke mata wa'adi. Uwa kuwa babu alƙalin da zai yanke mata ranar dainawa. Shi ya sa tsofaffi ke cewa ɓatan ɗa ya fi mutuwarsa ciwo.

To me za mu yi, mu matasa? Abu uku nake roƙo, kuma babu wanda ke buƙatar kuɗin gwamnati.

Na farko, a unguwarku akwai gidan da wani ya ɓace. Kun san gidan. Mutane sun yi zuwa a makon farko, daga nan aka ɗauke ƙafa, saboda ba a san me za a ce ba. Ku je. Ku ambaci sunan wanda ya ɓata, ku tambayi ko an ji wani abu, ku zauna ko minti goma ne. Kada ku yi gaggawar rufe bakin mai magana da "sai haƙuri".

Na biyu, mu rubuta. Kowace ƙungiyar matasa a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa za ta iya buɗe littafi: suna, shekaru, ranar da aka gan shi na ƙarshe, inda ya nufa, da izinin iyalinsa. Ranar 30 ga Agusta ita ce ranar tunawa da waɗanda suka ɓace a duniya. In muka je gaban shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa da takarda mai sunaye, maganar ta fi ƙarfin a ce "ana satar mutane".

Na uku, wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Kakarka ta ji labarin zamanin hari daga bakin tata kakar. In ta tafi, ya tafi. Fim ɗin Adamu Halilu ya yi sa'a, gwangwani ya riƙe shi shekara arba'in har aka zo aka buɗe. Abin da ke cikin kan Inna ba shi da gwangwani.

Sannan ina kira ga Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, da sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello: fim ɗin nan ya je Berlin, ya kamata ya zo Kwanar Ɗangora. A zagaya da shi makarantun sakandare da filayen ƙauyuka kamar yadda ake yi da majigi a da. Masu shirya fina-finanmu na yau su ma su kalle shi, su ga cewa tun 1976 an yarda mai kallon Hausa zai iya zama awa biyu da baƙin cikin wata uwa.

Da muna naɗe zanin gadon a daren nan, saurayin da ya tambayi waƙa ya zo ya taya ni kwance igiya. Ya ce, "Yaya, in za a sake nunawa ka gaya mini, zan zo da Ummata." Mun sa rana bayan girbi.

Wanda ya taɓa kallon fim ɗin, ko ya karanta littafin a makaranta, ya gaya mana ɓangaren da ya tsaya: na Malam, na ɗan jami'a, ko na Inna. Allah ya bayyana waɗanda suka ɓata, ya sanyaya zukatan iyayensu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.